Tukwane Masu Ado a Ciki

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tare ni, a gindin dalbejiyar da muke zama bayan la'asar ma a tare ni: wai da gaske na bar Daura a wannan marra ta fari, na tsallaka iyaka don kallon tukwane? Wasu kuma abin da ya dame su shi ne na dawo ba tsaraba, kuma surutuna ya ragu. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Isufu ne ya ja ni. Taubashina ne, ɗan gwaggona da aka aurar can. Malamin makaranta ne kamar ni, sai dai su Mushe ake ce musu. Ya aiko mini cewa su malamai da wasu ma'aikata sun haɗa kai za su tattaro tukwanen maginan Mirriya, su baje kolinsu a wani babban zaure. Turawan da suka zo aikin agaji da manyan 'yan kasuwa su saya da daraja, abin da aka samu a sayi gero a raba wa mutanen ƙauye da yunwa ta koro suka yada zango a Kara-Kara, gefen gari. Ni malamin zane ne, don haka wai ni ke da idon da zai zaɓa ya jera.

A-kori-kura na shiga daga Daura, kuma tunda nake ban taɓa miƙe ƙafa a motar haya ba sai ranar. Mu kaɗan ne masu yin arewa. Masu yin kudu kuwa ba su ƙirguwa, a mota da a ƙasa, da tabarmi da ƙwarya a ka. Abin da ya fara taɓa ni shi ne ba sa magana. Ayari guda zai wuce ka, da mata da yara, ba ka jin komai sai jan ƙafa.

A Kwangwalam, bakin iyaka, jami'anmu suka duba ni suka ce in wuce. A ɗaya ɓangaren wani jandarma siriri ya miƙo hannu ya ce, "Kartidante." Na tsaya ina kallonsa, sai da wani fasinja ya raɗa mini cewa katin shaida yake nufi. Ya juya katina na makaranta gaba da baya, ya ce me zan je yi Damagaram. Na ce baje kolin tukwane. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Kowa na gudu kudu, kai kana arewa wajen tukwane," in ji shi. "Me za ka dafa a ciki?"

Suka yi dariya, ni ma na taya su.

Daga Matamai zuwa gaba na daina leƙen taga. Shanu ne kwance a gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi, ungulaye kuma sun ƙoshi har mota ta zo dab da su ba sa tashi.

Da tsakar rana muka shiga Damagaram, na ɗauka ma an watse ne. Ashe al'adarsu ce, in rana ta take a rufe ofis da kanti kowa ya tafi ya kwanta, sai ta yi sanyi a sake buɗewa. Manyan duwatsun nan nasu sun yi tsaye a tsakiyar unguwa, ba ko akuya a kansu. Isufu ya tarye ni a ƙofar gidansa a unguwar Zango yana cewa, "Ga ɗan Ingilishi, an zo cin arzikin Faranshi." Na ce in wannan ne arzikin a mayar da ni.

Masauki ba laifi, ɗaki da gadon ƙarfe. Ruwa ne dai labari. Na ce zan watsa ruwa, aka kawo mini buta. Na ce ba alwala ba, wanka. Matar Isufu ta ce ai shi ne. Abinci kuwa abin mamaki: nama ya fi tuwo araha, don kowa na yanka dabbarsa kafin ta faɗi. Kilishi har na ƙi shi. Tuwon na wata jar dawa ce ta agaji, in ka ci sai ka ji kamar ka haɗiyi bulo. Da safe a ba ka burodi dogo kamar sanda, wanda ya kwana kuwa ko kare ka jefa da shi sai ya yi ƙara.

A gidan na ga Habsu. Tana cikin waɗanda ke zaune a Kara-Kara, takan zo ta yi wa matar Isufu daka da wanke-wanke a ba ta abin da za ta kai wa 'ya'yanta. Mijinta ya tafi kudu neman aiki. Da ta ji za mu fita da mota wajen magina, sai ta zo ta durƙusa nesa da mu.

"Mushe, don Allah in kun je Mirriya ku ƙarasa garinmu, ta wajen Durum ne. Iyata na can ita kaɗai. Iya Tsahara, maginiya ce, kowa ya san ta. Ranar da gari ya tashi ta ce ba ta iya tafiyar ƙasa, kuma ba wanda zai goye ta. Ku sako mini ita a mota."

Isufu ya ce in Allah ya so.

"Ba mutuwarta nake tsoro ba, Mushe," ta ce. "Kowa zai tafi. Kada dai ta faɗi ba mai rufe ta."

Ni da na ga ungulayen hanya na san abin da take nufi, sai na ji kilishin ya fita raina.

Motar wani ofis aka ara mana, da direbanta Manzo, mutum mai yawan tauna goro da ƙarancin magana. Mirriya ta ba ni tausayi. Garin da ake labarin lambunansa da tulunansa masu farin zane, ga magina zaune a inuwa hannu ba yumɓu. Wata ta ce mini ruwan kwaɓi sai an yi tafiya, kuma wa zai sayi tulu alhali ba abin zubawa? Abin da ke tafiya kawai tukwanen rufin kabari, don itatuwa sun ƙare, an sassare wa dabbobi. Irin waɗannan mu ma muna da su a gida: manya, ba ado, a raba su biyu a jera a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Na gan su tsibi guda a bakin kasuwa, na kau da kai. Muka zaɓi tuluna da randuna da kasake daga abin da ya rage musu a ɗaka, muka shimfiɗa buhuna muka jera a bayan mota.

Daga nan muka saki babbar hanya. Sau biyu muna kafewa a rairayi, ni da Isufu muna turi yana ce mini ƙarfin ɗan Ingilishi a baki yake. Da muka hango garin sai wasa ya ƙare.

Ban taɓa shiga garin da ba kowa ba. Kango na sani, amma wannan ba kango ba ne. Katangu lafiya lau, rumbuna a tsaye an ɗage musu hula, kowace ƙofa an ja mata ƙaya an toshe. Ba zakara, ba jaki, ba ko ƙuda. Manzo ya kashe mota, shirun ya faɗo mana a ka. Muka riƙa tafiya muna rage sautin takalmi kamar masu tsoron tada wani. Isufu ya yi sallama da ƙarfi, muryarsa ta je ta dawo.

Can ƙarshen gari muka ji ƙwas, ƙwas, a hankali. Muka bi sautin har wani gida da ba ƙaya a ƙofarsa. Tsohuwa ce zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana fasa 'ya'yan anza a kan dutse, abin nan mai ɗaci da sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Ba ta razana ba. Ta ɗago ta ce, "Kun iso? Ku zauna, 'ya'yan nan," kamar ta san da zuwanmu.

Muka ba ta ruwa da burodi. Ta sha ruwan, ta ajiye burodin. Isufu ya faɗa mata saƙon Habsu. Ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta ce ƙaramin ya fara tafiya? Ba mu sani ba. Ta ce me suke ci a can? Isufu ya faɗi gaskiya, ya ce abin da ya samu, wata rana ba ya samuwa.

"To in na je, bakin wa za a cire a sa nawa?"

Muka yi lallashi har muka gaji. Manzo ma ya tofa goronsa ya sa baki, ya ce zai ɗauke ta cak ya sa a gaban mota. Ta ce ya gwada. Ta ce nan aka binne mijinta da uwarta, ita ba ta zuwa birni a zuba ta a rami da baƙi.

Ina cikin wannan ne idona ya faɗa kan wata rumfa a bayanta. Tukwane ne manya a jere. Daga waje ba komai, jar ƙasa ce kawai an goge. Na leƙa cikin ɗaya don in ga kaurinta, sai na tsaya. Duk adon a ciki yake. Farin zane siriri ya taso daga gindi yana kewayawa har baki, ga zangarniyar gero, ga sawun tsuntsu, ga wani abu kamar ruwa na gudu. Na leƙa ta biyu, wani zanen daban. Na yi shekaru ina koyar da zane, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓoye adonsa inda sai an sunkuya ba. Na ce, "Iya, waɗannan fa?"

"Nawa ne."

Isufu ya ba ta labarin baje kolin, ya ce abin da aka samu gero za a saya wa mutanen Kara-Kara. Ta daina fasa anzar. Ta sa ya maimaita.

"Har da 'ya'yan Habsu?"

"Har da su, Iya."

"Tukunya ta zama gero," ta ce, tana jinjina maganar. Ta daɗe tana kallon rumfar. Sannan ta ce, "Ku kwashe. Ku sa ciyawa a tsakani, bakinsu bai son gogayya."

Muka bar mata gero kaɗan da ruwan da muka iya ragewa, muka ce za mu dawo da Habsu ta lallashe ta da kanta. Ta ce Allah ya kai mu. Da mota ta juya na waiwaya, ta koma kan dutsenta tana ƙwas, ƙwas.

Habsu ba ta yi kuka ba da ta ga mun dawo ba uwarta. Ta ce ta san halinta. Isufu ya yi mata alkawarin ana gama baje koli za a nemi man mota a koma da ita. Tukwanen ba ta gan su ba, don kai tsaye zaure muka wuce da su.

Kwanakin da suka biyo na yi su a zauren ina jeri. Na Mirriya na ɗora su a kan tebura da aka rufe da farin yadi. Na Iya Tsahara kuwa na kwantar da su a gefe bisa gammo, bakinsu na kallon mai shigowa. In ka tsaya a ƙofa sai ka ga kamar su ma kallonka suke.

Ranar buɗewa aka cika. A gida in an ce taro sai maroƙi da kalangu, can kuwa jawabi ne da Faransanci, kowa ya goya hannu a baya yana zagayawa yana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan gaisuwa. Ni dai murmushi nake ta yi, duk wanda ya yi mini magana in gyaɗa kai. Wajen tukwanen tsohuwar aka fi taruwa. Turawa na durƙusawa suna sa kai a ciki. Kafin la'asar wani likita Bature da wani attajirin gari sun raba su tsakaninsu, Isufu ya zo ya matse mini hannu ya ce waɗannan kaɗai sun fi duk sauran kawo gero.

A lokacin Habsu ta shigo da tulun ruwan sha a ka, matar Isufu ta aiko ta. Ta sauke, ta juya za ta fita, sai ta ga tukwanen uwarta. Ba ta yi ihu ba. Ta tafi a hankali ta ratsa mutanen, ta durƙusa gaban ta farko ta sa hannu a ciki.

"Malam, ina kuka samo waɗannan?"

Na ce Iya ce ta ba mu.

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Na rufinta ne," ta ce. "Tun da fari ya fara take gina su. Ta ce ta gama yi wa mutane ado a waje, nata a ciki take so, inda za ta riƙa gani in an kife mata. Ko ni ba ta bari in taɓa su."

Na dubi Baturen da ke durƙushe ya sa kansa cikin ɗaya yana murmushi, na kau da ido. Isufu ya ce yanzu zai je ya yi wa masu sayen bayani, a mayar wa Iya da kayanta, ba wanda zai ƙi. Har ya juya ta riƙe bakin rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gero nawa ne, Mushe? Zai kai yara damina?"

Ya ce zai kai da yawa daga cikinsu, in an yi tattali.

Ta mayar da hannunta cikin tukunyar ta ce, "Ta san abin da ta yi. In na mayar mata ba za ta yafe mini ba. Ku bar su. Ni dai ku kai ni, don wadda ta ba da waɗannan ba ta jiran damina."

Mai bai samu ba sai washegari da hantsi. Manzo ya cika duk jarkar da ya samu da ruwa, ya ɗauko fartanya da shebur ba wanda ya ce masa. A hanya muka kafe, muka tura muka wuce.

Da ya kashe mota na kasa kunne ko zan ji ƙwas ɗin nan. Babu. Muka isa gidan, sai ga ƙaya a ƙofarsa kamar sauran gidajen, amma daga ciki aka jawo ta. Manzo ya janye da fartanya. Habsu ta shiga ɗaki ita kaɗai, muka tsaya a tsakar gida har muka ji salatinta.

Iya ba ta daɗe da cikawa ba. Ta kwanta a gefen dama ta fuskanci gabas, likkafaninta a ninke kusa da kanta. A bayan ɗaki, kusa da kabarin mijinta, ta fara haƙa nata da abin da take haƙar yumɓu, ƙarfinta ya ƙare bai kai gwiwa ba. Geron da muka bar mata yana nan a ƙulle, ba ta taɓa ba.

Habsu ta yi mata wanka da ruwan jarka, mu kuma muka ƙarasa ramin. Sai da muka gama muka dubi juna. Ba itace ko na rantsuwa a garin, rumfa kuma ba tukunya.

Habsu ta fito ta ji abin da muke cewa. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce in biyo ta in riƙe mata. Ta je gidan farko ta janye ƙaya, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Inna Gambo, Habsu ce. Iya ta rasu. Na zo aron tukunya."

Ta tsaya daidai gwargwadon yadda mutum zai amsa, sannan ta shiga. Matan garin kafin su tafi kowace ta kife tukwanenta a tsakar gida, suna nan jere kamar jiya aka bar su. Ta ɗauki guda ta miƙo mini, ta ce, "Na gode, Allah ya ba da lada," ta mayar da ƙayar yadda take. Haka ta yi a gida na gaba, da na gaba da shi, kowace mai gida da sunanta. Ni ban ce na ji an amsa ba. Amma duk inda ta yi sallama sai na sami kaina ina sauraro, kuma ban yarda na juya wa ƙofofin nan baya ba.

Mu uku muka yi mata salla, Isufu ya ja. Habsu ta koma can gindin katanga, inda mata kan tsaya. Manzo na raba tukwanen da bakin fartanya, ni da Isufu muna jerawa daga ƙafa, muna toshe tsakani da laka. Muka zo wajen kai suka ƙare.

Na je na faɗa wa Habsu. Ta tashi ta shiga wani gida da muka tsallake ɗazu, wannan karon ba sallama. Nata ne. Ta fito rungume da randa, ta ce Iya ce ta gina mata ita da za a kai ta ɗaki. Manzo ya ɗaga fartanya, ta ce ya dakata. Ta shiga rumfar uwarta ta ɗebo farar ƙasa, ta jiƙa da sauran ruwan, ta zauna ta sa randar a cinya ta zura hannu ciki. Muka tsaya a rana muna jiranta.

Da ta gama ta miƙo mini na leƙa. Zangarniyar gero ce guda ɗaya, ta karkace, farar ƙasar ta zuba ta gefe.

"Ban gaji hannunta ba," ta ce. "Za ta yi mini faɗa."

Manzo ya raba randar a hankali don kada tsagin ya bi ta kan zanen. Ɓangaren mai zanen muka kife daidai fuskar Iya, sannan muka tura ƙasa.